Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Ranar Alhamis, bayan azahar, muke zaman karatun mujalla. Ni na ƙirƙiro zaman, ba da daɗewa ba bayan da aka ba mu jiha, Gusau ta zama babban birni. A lokacin ni ne babban likitan yara a asibitin da nake aiki, akwai kuma ƙananan likitoci huɗu a ƙarƙashina, dukansu masu shirin jarrabawar ƙwarewa. Muna haɗuwa a ɗan ɗakin shan shayi da ke manne da ɗakin yara, inda fanka ke ƙara fiye da yadda take ba da iska.

Abin da nake so su koya ba wani abu ba ne mai wuya. In likita ya ɗauki takardar bincike, kada ya haɗiye ta don kawai an buga ta. Ya tambaya: a kan su wa aka yi binciken, yaya aka zaɓe su, me aka gwada da me, kuma abin da marubucin ya faɗa a ƙarshe, shin daga abin da ya gani ya fito ko daga abin da yake so ya gani? Na maimaita musu wannan har suka fara kwaikwayon muryata a bayan idona. Na sani, domin wata nas ta gaya mini.

Ba mu da ɗakin karatu. Duk bayan wata ɗaya ko biyu nakan shiga tsohuwar motata in bi hanyar Funtuwa zuwa Zariya, in aro mujallu wurin wani abokina da muka yi makaranta tare. A dawowa nakan tsaya a Tsafe in yi salla, in sayi rake a bakin titi, in zauna cikin mota ina sha ina zaɓar takardar da za mu karanta. Da na iso Gusau sai in kai ta wani shago kusa da kasuwa a yi mini kwafi biyar.

Watannin farko na sha takaici. In na ce, "To, ina kuskuren wannan takarda?" sai kowa ya sunkuyar da kai. Wata rana ɗaya daga cikinsu, wani ɗan Tsafe mai surutu, ya ce, "Yallaɓai, ai farfesa ne ya rubuta. Mu su wa da za mu gyara masa?" Na yi faɗa ranar har nas-nas suka leƙo. Amma da na huce na gane ba laifinsu ba ne. Haka aka tashe mu duka. Ba ka cewa babba ya yi kuskure, balle a gabansa, kuma sunan da aka buga a kan takarda ma babba ne.

Sai na samo dabara. Kafin a yi kwafi, nakan yanko 'yar farar takarda in manne ta a kan sunayen marubuta da sunan garinsu. Kwafi ya fito ba suna, ba muƙami. Abin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Ɗan Tsafe, da ya ga babu wanda zai ji kunyarsa, sai ya zama mahauci. Duk takardar da ta zo hannunsa sai ya feɗe ta, har inda ba ta da aibi. Sauran biyun suka bi bayansa. Na ji daɗi, na riƙa yabon kaina a zuci.

Mutum ɗaya ne dabarar ba ta kama ba. Wani ɗan Furfuri ne, ta can ƙasar Bunguɗu, ɗan manoma, dogo, siriri, mai magana kamar ana sayar masa da ita. A ɗakin yara babu mai hannunsa. Yaron da ya bushe har ba a ganin jijiyarsa, shi ake kira ya sa masa ruwa, kuma sau ɗaya yake soka allura. Amma a zaman Alhamis sai ya riƙe takarda da hannu biyu, ya yi ta ja mata layi da fensir, ya ƙi cewa uffan. Na ɗauka kansa ne ba ya ja. Ban tsaya ga ɗauka ba, na faɗa masa a gaban 'yan uwansa. Na ce likitan da ba ya iya buɗe baki, gara ya koma gona. Ya ce, "To, yallaɓai." Wannan magana tawa tana cikin abubuwan da har yau in na tuna nake jin zafinsu.

A shekarun nan ina da wani aiki nawa na kaina da nake taƙama da shi. Duk damina, idan rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, ɗakinmu yakan cika da yara masu tamowa. Wasu sun kumbura, gashi ya yi ja, wasu sun rame sai ido. Gado ɗaya yara biyu, wani lokaci uku. Ga iyaye maza suna tsaye a bakin ƙofa kullum suna roƙon a sallami matansu, domin aiki ya yi yawa a gida. Sai na fito da wani tsari. Da zarar kumburi ya saɓe kuma yaro ya fara cin abinci da kansa, sai in sallame shi da wuri, ba sai ya cika makonnin da aka saba ba. Kafin su tafi a koya wa uwar dama kunun gero da gyaɗa da waken suya da ɗan manja. A ba ta kati, a ce ta dawo da shi bayan mako biyu a auna shi.

Waɗanda suka dawo, wallahi abin sha'awa. Yaron da ya tafi kamar tsinke ya dawo da kumatu. Na tattara bayanansu na damina biyu, na buga da tafireta, da niyyar aika wa wata mujalla. Amma da yawa ba su dawo ba. Da na zo kansu sai na yi tunani irin na mutumin birni: uwar da ɗanta ba shi da lafiya ai dole ta dawo da shi, wadda ba ta dawo ba kuwa, lafiya ce ta riƙe ta a gida. Na sa su duka a layin waɗanda suka warke. Na rubuta dalilin a jimla ɗaya tak, a tsakiyar shafi na biyu, na wuce.

Wannan rubutun nawa na yanke shawarar kawowa zaman Alhamis, na rufe sunana da sunan gari kamar yadda na saba. Na ce wa kaina ina so a duba mini ne kafin in aika. Ƙarya nake yi. Yabo nake nema, kuma ina so in ji shi daga bakin mutanen da ba su san ni suke yabo ba.

Da safiyar ranar, wajen zagayen ɗaki, muka zo gadon wata yarinya daga Wanke. Ba ta fi shekara biyu ba. Kumburin ƙafafunta ya saɓe, tana zaune a cinyar uwarta tana riƙe da ludayi da kanta. Uwar ta riga ta ɗaure kayanta a zane. Na ce a sallame su. Ɗan Furfuri, da ke riƙe da fayil, ya ce a hankali, "Yallaɓai, ko a bar ta ta ƙara kwana biyu?"

Na ce, "Dalili?"

Ya sake buɗe fayil ɗin yana dubawa.

Na ce, "Nan ba a aiki da ko. In kana da hujja kawo ta, in ba ka da ita ba ni fayil." Ya miƙo mini, na sa hannu. Uwar ta yi ta godiya, ta goya yarinyar, suka fita kafin hantsi ya yi zafi.

Bayan azahar na raba musu kwafi. Suka karanta shiru. Ɗan Tsafe ne ya fara, amma yau wuƙarsa ba kaifi. Ya ce jadawalin ya ɗan cunkushe, ya ce akwai inda tafireta ta tsallake layi, sannan ya ce in ban da wannan, aiki ne mai kyau ƙwarai, wanda ya yi shi ya san yara. Sauran biyun suka ce haka ne. Raina ya yi fari. Da na tsaya nan, da an tashi lafiya.

Amma sai idona ya kai ga ɗan Furfuri. Ya ja wa wani wuri layi har fensir ya kusa huda takardar. Haushinsa na safe bai sake ni ba. Na ce, "Likita, yau ba wanda zai fita daga ɗakin nan sai ka yi magana. Ko la'asar za ta wuce mu, muna nan."

Ya ɗora yatsa a kan wurin da ya ja wa layi. Sannan ya ce, "Yallaɓai, jimla ɗaya ce ta tsaya mini." Ya karanta ta, jimlar nan tawa ta shafi na biyu. Ya ajiye takardar a gwiwarsa. Da ya ci gaba, harshensa ya koma na gida, abin da ban taɓa ji daga gare shi a wurin aiki ba.

"Wanda yar rubuta wanga, ina ga bai zauna ƙauye ba. Wurinmu in ɗa ya rasu ba a komawa asibiti. Mi za a je a ce? In ka koma da kati ba yaro, sai a ga awa ka zo tuhumar likita ne, shi ko ya yi ma alheri. Sai a yi shiru, a aje katin. Wanda yaw warke ba ya dawowa, wanda yam mutu ba ya dawowa. Daga nan ɗakin ba ka iya rabe su."

Na gane gaskiya ya faɗa. Amma girman kai bai bar ni na yi shiru ba. Na ce, "Wannan zato ne. Me na koya muku? Ina hujjarka?"

Ya ce, "Na san guda."

"Wane ne?"

"Ɗan yayata ne, yallaɓai. Bara da damina anka kwantar da shi nan. Gado na uku daga taga."

A nan ne na lura ba wanda ke kallon takarda, kuma ba wanda ke kallona. Duka huɗun sun san rubutun wane ne tun daga layin farko. Wa kuma ke ba da kunun gero da gyaɗa da waken suya a sallami yaro da wuri in ba ni ba? 'Yar farar takardar da na manna ba ta rufe komai ba. Yabon da ɗan Tsafe ya yi, ladabi ne kawai. Na tattara takarduna na ce an tashi, ban ko iya rufe zaman da addu'a yadda muka saba ba.

Ranar Asabar na ce wa ɗan Furfuri ya raka ni garinsu. Bai so ba, amma bai iya ce mini a'a ba. Muka kama hanyar Bunguɗu da safe. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gero ya kai kafaɗa, ko'ina kore. Mutane na cikin gonaki suna maimai. Duk tsawon hanyar ba mu yi maganar kirki ba, sai dai ya ce mini in kauce wa rami ko in bi ta hagu.

A Furfuri mijin yayar tasa ya tarbe mu, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura a ƙwarya. Can sai ta fito, ta durƙusa daga gefen ƙofa. Na gane ta, ko kuma na ce wa kaina na gane ta. Gaskiya iyaye mata nawa suka wuce ta gabana a daminar nan, ban riƙe fuskarta ba. Ita kuwa ta riƙe tawa.

Ta ce, "Sannu da zuwa, likita. Kun zo lahiya? Ashe za ka tuna da mu. Allah shi saka da alheri."

Ƙanenta ya yi mata bayani a taƙaice. Ta shiga ciki ta dawo da wata leda a naɗe, ta warware, ta miƙa wa mijinta, shi ya miƙo mini. Katin ne, tsaf, ko lanƙwasa babu. Ga nauyin yaron ranar sallama, ga ranar da aka ce ta dawo, ga sa hannuna a ƙasa.

Na tambaye ta yadda aka yi. Ba ta ambaci sunansa ba, ɗan fari ne. Ta ce, "Da munka dawo na dama mai yadda kunka ce. Kwana huɗu gyaɗa ta ƙare, don sauran anka shibka. Waken suya ko ba mu da shi. Sai nic ci gaba da ba shi na gero zalla. Zawon yad dawo. Munka ce gobe mu taho, gobe mu taho, ranar da munka shirya gulbi ya kawo. Da asuba Allah yak karɓi abinai."

Na ce, "Me ya sa ba ku zo kun gaya mini ba?"

Ta ɗago ta dube ni da mamaki, kamar na yi tambayar yara. Ta ce, "Haba likita. Mi za mu zo mu ce ma? Kai ka yi naka. Kwana ne yaƙ ƙare."

Ba ta yi kuka ba. Ni ne na kasa shan furar. Ina riƙe da katin ina tuna jadawalina, na san daidai layin da na sa yaron nan, kuma na san sau nawa na nuna wa abokai layin ina murmushi. Ban taɓa tambayar ko ɗaya daga cikin matan nan ba ko akwai gyaɗa a gidanta da damina.

Kafin mu bar garin, ɗan Furfuri ya kai ni wasu gidaje biyu da ya san an kwantar da yaransu a ɗakinmu kuma ba su koma ba. A gida na farko yaron da kansa ya fito da gudu yana korar akuya, lafiyarsa ƙalau. Uwar ta ce ta ga ya warke, me za ta je yi. Na ɗan ji sanyi, har na soma cewa a raina watakila abin bai kai yadda nake tsoro ba. A gida na biyu kakar yaron ce ta fito. Da ta ji daga asibiti muke sai ta fara yi mana godiya, irin godiyar da na ji ɗazu a zaure, kuma tun kafin ta gama na san abin da za ta ce.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Bunguɗu, na tsayar da mota a gefen titi. Na ce, "Shekara guda kana ɗakin nan tare da ni, kana gani ina sallamar yara. Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Lokacin ban fi wata guda da zuwa ba, yallaɓai. Ban ma ce ɗan yayata ne ba, kada a ce ina neman alfarma. Daga baya kuma na rasa ta inda zan soma. Ta yaya zan tsaya gabanka in ce tsarinka ne?"

Na buɗe baki zan yi masa tsawa. Ina so in ce shirunsa ya ci rayuka. Sai na tuna safiyar Alhamis, da fayil a hannunsa, da yadda na karɓe shi. Ya soma, ni na rufe masa baki. Wata da watanni ina koya musu su tuhumi farfesoshin da ba su taɓa gani ba, amma ban bar ko 'yar ƙofa da za su tuhume ni ba. Na ta da mota muka tafi.

Ranar Litinin na dakatar da sallamar wuri. Ba zan ce komai ya gyaru ba. Ɗaki ya ƙara cika, muka shimfiɗa katifu a ƙasa, nas-nas suka yi ta gunaguni, iyaye maza suka yi ta rigima da ni a bakin ƙofa. Wasu ma suka ɗauke 'ya'yansu ba tare da sallama ba. Rubutuna kuma na jefa shi cikin durowa, ban aika ba. Alhamis ta gaba na sake raba musu shi, wannan karon da sunana a sama ɓaro-ɓaro, na ce su fara daga shafi na biyu. Ɗan Tsafe ya yi ta gyaran murya. Ɗan Furfuri ne ya yi magana, ya yi kusan rabin awa, ya fito da wasu kurakurai biyu da ni ban gani ba.

Amma hankalina duk yana kan yarinyar Wanke. Na ɗauko fayil ɗinta. A wurin adireshi an rubuta Wanke, shi ke nan. Sunan uban kuwa irin wanda in ka kira a kasuwa mutum goma za su waiwayo. Na je garin da kaina ranar wata Laraba, na sami mai unguwa, ya tara mini dattawa a gindin bishiya. Suka yi ta tunani, suka aika gida biyu, ba ita ba ce. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini duk mutanen ƙauyuka da rugagen da ke kewaye, in sun je asibiti aka tambaye su, Wanke suke cewa, don ita aka sani. Na bar saƙo, na ce duk wanda ya ji labarin wata yarinya da aka sallamo daga Gusau, a ce wa uwarta likita na nemanta, ba laifi ta yi ba.

Ranar da mako biyunta suka cika, Alhamis ce. Na ce wa ƙananan likitocin su yi zaman ba ni. Na ɗauki kujera na zauna kusa da ma'auni a ɗakin duba yara tun safe. Duk macen da ta shigo da goyo sai na miƙe na leƙa bayanta. Nas ɗin da ke awo ta gaji da ni, ta ce in je in ci abinci, in sun zo za ta aika a kira ni. Ban tafi ba. Aka yi azahar, layi ya ragu, aka yi la'asar, ya ƙare. Ta goge ma'aunin, ta rufe rajista, ta tsaya tana jirana da makulli a hannu.

Ba su zo ba, ranar ko wata rana bayanta. Da a ce mako biyu kafin nan ne, da na ɗauki biro na sa ta cikin waɗanda suka warke, na tafi gida na ci tuwona. In tana raye, yanzu ta isa ta goya nata ɗan. Fayil ɗinta ya zauna a teburina har na bar asibitin, kuma wurin da ake rubuta sakamako na bar shi fari, domin ban sani ba.